Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'in Fasaha Da Hukumar TETFund: A Buɗe Mana Guraben Fosdok A Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin jami'o'inmu na kimiyya da fasaha, na Minna da Bauchi, na Wudil da Aliero da Babura, har da takwarorinku na Akure da Owerri, da kuma mai girma Babban Sakataren TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Ina gaishe ku gaisuwar ɗalibi ga malamansa, domin wasunku sun koyar da ni, wasu kuma sun koyar da waɗanda suka koyar da ni. Ina neman izinin faɗin wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na zaɓi in faɗe ta da Hausa, a bainar jama'a, don na ga takardun da muke rubutawa da Turanci mu miƙa wa kwamiti, da zarar sun shiga durowar sakatare ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Roƙona bai da tsawo. Ku ƙirƙiri guraben aikin bincike na bayan digirin digirgir a cikin jami'o'inku, ku tallata su kowa ya gani, ku biya albashinsu. Wannan shi ne abin da 'yan boko ke kira fosdok. Saboda iyayenmu da ƙannenmu da za su karanta wasiƙar nan, bari in fassara: mutum ne ya gama digirinsa na uku, an kira shi dakta, sai a ɗauke shi kwantiragin shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wani gogaggen farfesa, a ba shi matsala guda ɗaya a ce ya zauna a kanta. Ba ɗalibi ba ne, don ba jarrabawa a gabansa. Bai kuma zama cikakken malamin sashe ba tukuna. Aikinsa gwaji da awo da rubutu, da jan hannun ɗaliban da ke bayansa.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, sunan ne kawai baƙo. Gardin da ya haddace Alƙur'ani ba ya wayar gari ya kafa tsangaya. Gabas yake yi, ya zauna gaban wani gwanin da ba shi ya rene shi ba, ya yi tilawa a tsinto masa gyara, ya rubuta a duba, ya ga yadda ake riƙe almajirai da yadda ake ciyar da su. Likita ma idan ya gama makaranta sai ya yi shekara guda yana bin manya a asibiti, ana biyansa, kafin a sakar masa marasa lafiya. Dakta a injiniya ne kaɗai muke ɗauka yau ya kare kundinsa, gobe mu ce ya riga ya nuna.

Ni abin ya faru a kaina, shi ya sa nake da bakin magana. Kuɗin TETFund ne suka kai ni Malesiya, kamar ɗaruruwan 'yan'uwana daga Arewa, kuma ba zan taɓa mantawa da wannan alheri ba. Na yi aikina a kan faifan sola da yadda zafi da ƙura ke rage masa ƙarfi. Na dawo da ɗoki, da jakar littattafai, da jerin gwaje-gwajen da nake son yi da zarar hunturu ya shigo. Ranar Litinin ɗin da na kai takardar dawowa aiki, shugaban sashe ya tashi ya rungume ni, ya ce, "Dakta, Allah ne ya kawo ka." Kafin azahar na fahimci abin da yake nufi. Kwas huɗu, ɗaya daga ciki na 'yan aji ɗaya da ke cika ɗakin taro har wasu na leƙowa ta taga. Ɗaliban furojet goma sha. Sannan ya turo mini wani katon fayil ya ce daga yau ni ne jami'in jarrabawa, don wanda ke riƙe da shi ya gaji. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Mutane yake nema, ga mutum ya faɗo.

Hunturu huɗu suka wuce ban auna komai ba. Ƙurar da na ci alwashin bincike a kanta ta sauka a kan littattafan nawa. Dare na tattara maki ne, rana ta neman sakamakon ɗalibin da ya ɓata tun yana aji biyu. Na buga takardu, kada in yi ƙarya, amma gutsuren kundina ne nake ta jujjuyawa kamar ɗumame, don lokacin ƙarin girma ya zo. Abokina ɗan Indonesiya da muka zauna a benci ɗaya, wanda ni nake gyara masa lissafi, ya wuce fosdok kai tsaye. A shekarun nan huɗu ya kafa nasa ɗakin gwaje-gwaje.

Wani dare aka turo mini wata sanarwa ta WhatsApp, daga wata jami'ar fasaha a ƙasar Holan. Ina so ku ji yadda aka tsara ta, domin tsarin shi ne rabin maganata. Shafi ɗaya da rabi ce. An faɗi matsalar da ake son warwarewa, an faɗi wanda ya ba da kuɗin aikin, an faɗi farfesan da za a yi aiki da shi da yadda za a same shi a yi tambaya. An rubuta shekara biyu, awa 38 a mako, an rubuta mafi ƙarancin albashi da mafi yawansa bisa yarjejeniyar ma'aikatan jami'o'in ƙasar, da kuɗin hutu kashi 8 cikin ɗari, da fansho. An faɗi ranar rufe karɓar takardu. Abin da ake so daga mai nema kuwa: tarihin karatunsa da aikinsa, wasiƙar da zai bayyana dalilin da ya sa ya dace, jerin abin da ya buga, da sunayen mutum biyu ko uku da za su shaide shi. Ba a tambayi jiharsa ba, ba a tambayi wanda ya aiko shi ba. Irin waɗannan sanarwoyi suna nan jibge a shafin AcademicTransfer na Holan da EURAXESS na Tarayyar Turai. Jami'o'in Delft da Munich da Zurich da ta fasaha ta Denmark kusan ba a rasa su da gurbi a buɗe. Kowane ɗayanku zai iya dubawa a wayarsa kafin ya gama karanta wannan sakin layi.

Intabiyu ta bidiyo aka yi mini. Na je gidan wani abokina mai inbata don kada wuta ta kunyata ni, amma sai netwok ya yi nasa halin, hotona ya daskare sau biyu. Suka jira. Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata matashiyar farfesa: wane gwaji ka taɓa yi ya ƙi, kuma me ka yi? Bayan mako uku takardar ɗauka ta zo. Samun hutu daga nan gida ya fi samun aikin wuya, amma a bar kaza cikin gashinta.

Ranar farko aka ba ni katin buɗe ƙofa, da tebur, da kwamfuta, aka haɗa ni da wani dattijon ma'aikacin lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ya ƙi bari in taɓa komai sai da na ci jarrabawar kiyaye haɗari. Mako na biyu na buƙaci wani ɗan ƙarfe da za a riƙe samfur da shi. Na zana a takarda na kai shagon ƙira na sashen, washegari na tarar da shi a kan tebur. Na daɗe ina jujjuya shi a hannu. A gida, wannan ɗan ƙarfen sai na rubuta memo.

Ba wai sun fi mu kai ba ne, ranku ya daɗe. Na zauna da su, na ga masu kaifi na ga 'yan lallaɓa, kamar ko'ina. Abin da na gano shi ne farfesan da sunansa ke kan ƙofa ba shi ke tsayawa gaban na'ura ba. Shi nasa nemo kuɗi, da taro, da koyarwa, da nuna alƙibla. Ɗaliban digirgir kuwa koyo suke yi, suna ɓatawa suna gyarawa. Wanda ke riƙe da lab daga safe zuwa yamma, ya san wace na'ura ce ke ƙarya idan ta yi zafi, ya zauna da ɗalibi a kan lissafin da ya ƙi fita, ya rubuta daftarin farko na takardar neman kuɗi ta gaba, shi ne fosdok. Mu wannan tsani ne babu a ginin namu. Muna da farfesa a sama yana fama da kwamitoci, muna da ɗalibi a ƙasa yana lalube, tsakani kuwa wayam. Shi ya sa ɗalibin digirgir a wurinmu kan share shekara shida ko bakwai, ba don ya kasa ba, sai don babu wanda zai zauna da shi.

Kuma shi ya sa na'urori ke mutuwa a tsaye. Akwai wani ɗaki a wata jami'a da na sani, ba zan faɗi suna ba don na tabbata kowannenku zai ce tasa ake nufi. A ciki akwai na'urar awo da aka sayo da kuɗi masu nauyi, aka yanka kyalle, aka ɗauki hoto. Yau tana lulluɓe da ledar da ta zo da ita, an ɗora mata dutse a kowace kusurwa saboda iska. Wanda kamfanin ya koya wa sarrafa ta an ba shi muƙami a wani ofis. Makullin ɗakin yana wurin wani bawan Allah da ke buɗewa idan baƙi masu tantance kwasa-kwasai za su zo, a share, a goge, a kulle. Ɗalibanmu kuma suna tara kuɗi suna aika samfur Afirka ta Kudu ko Malesiya a auna musu abin da wannan na'urar za ta iya aunawa. Albashin mutum ɗaya na shekara uku, wanda aikinsa kenan ya tashe ta ya riƙe ta, bai kai ko kusa da kuɗin da aka saye ta ba.

Mutumin da zai yi hakan kuwa yana nan. Na san wani matashi da ya gama digirgir a kimiyyar sinadarai, da hannu mai kyau, irin wanda idan ya wanke kwalba ka san ya san aikinsa. Bai da gurbi a kowace jami'a, don ɗaukar ma'aikata sai an samu sahalewa daga Abuja, idan an samu kuma an riga an san masu shi. Yanzu yana koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta, da yamma yana zama a rumfar POS ta ƙaninsa. Duk sanda muka haɗu sai ya ce, "Yallaɓai, ko akwai wani abu?" Ni kuma in ce a ci gaba da addu'a.

Waɗanda suka fi shi sa'a sun tafi. Ku duba jami'o'in fasaha na Afirka ta Kudu, na Tshwane da Durban da Cape Peninsula, ku ƙirga sunayen 'yan Najeriya a cikin masu fosdok. Can gwamnati na ba jami'a kuɗi a kan kowace takardar bincike da ta buga a mujallar da aka amince da ita, don haka jami'a ta san ɗaukar matashin dakta riba ce. Ku duba Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Dahran, da jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 a gaɓar Bahar Maliya, duka a Saudiyya. Yaranmu ne a ciki, daga Zariya da Kano da Bauchi da Minna. Mu muka yi musu firamare, muka yi musu digiri na farko kusan kyauta, wasu muka biya musu na biyu da na uku. Shekarun da ƙwaƙwalwarsu ta fi zafi kuma sunan wata jami'a ke hawa kan aikinsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mai girma Babban Sakatare, nan maganar ta zo kanka. Asusun da kake riƙe da shi gwagwarmayar ASUU ce ta haife shi, aka kafa shi da dokar soja a 1993 da sunan asusun harajin ilimi, aka mai da shi TETFund a 2011. Harajin ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni zuwa 2.5, sannan zuwa 3 a 2023. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ga gine-ginen da ke ɗauke da tambarinku, ba mai musun wannan. Daga farkon 2025 kun dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, kuka kafa hujja da tsadar canji da kuma waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. Na fahimci hujjar. Dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. To amma idan an ce a yi digirgir a gida, wa zai zauna da ɗaliban a lab? Malaman da ke ɗauke da kwas huɗu da fayil ɗin jarrabawa?

Na san kuna da tallafin da ke ba malamin da ke kan aiki dama ya je wani wuri ya yi fosdok. Abu ne mai kyau, a ci gaba. Sai dai wannan fita ce, kuma ta wanda ya riga ya samu gurbi ce. Abin da nake nema shi ne shigowa: kujera a cikin lab ɗin Minna ko na Wudil, wadda duk mai digirgir zai iya nema ko ba ma'aikacin kowa ba ne. Hanya mafi sauƙi tana hannunku. Duk aikin da ya ci tallafin Asusun Bincike na Ƙasa a fannin kimiyya da injiniya, a sa masa layin albashin fosdok ɗaya a cikin kasafinsa, a kuma hana karkatar da wannan layin zuwa sayen mota ko halartar taro. Haka ake yi a duk inda na gani. Kuɗin aiki ne ke haifar da gurbin, idan aikin ya ƙare gurbin ya ƙare. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, da ke da kujerun farfesa a jami'o'i, ita ma za ta iya haɗa kowace kujera da matashi ɗaya ko biyu.

Akwai kuma agogon da ke bugawa a kan yaran nan, wanda ban jin ana lura da shi. Tallafin fosdok na Gidauniyar Humboldt ta Jamus na wanda bai wuce shekara 4 da gama digirgir ba ne. Na Marie Curie na Tarayyar Turai yana tsayawa a shekara 8 na aikin bincike. Malamin da ya dawo ya shiga biyan shekarun aikin da ya yi alkawari kafin a tura shi karatu da koyarwa zalla, kafin ya ɗago kai ƙofa ta rufe, kuma ba shi da sabon aikin da zai nuna. Da a ce shekara biyun farko na dawowarsa a lab ya yi su, da alkawarin ya biyu, da shi ma ya tsira da sana'arsa.

Kada wani ya ce babu abin da za a bincika. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Minna tana jiha ɗaya da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga kuma ambaliyar da ta cinye Mokwa a watan Mayun 2025. Wa ke zaune yana auna yadda ruwa ke bi da ƙasar nan shekara bayan shekara? A Minnan dai akwai cibiyar da Bankin Duniya ya tallafa, mai bincike kan gubar da fumfuna ke zuba wa masara da gyaɗa, matsalar da ke sa a dawo mana da kaya daga kasuwannin waje, ta kuma ci hantar mutane a gida. Bauchi na da rijiyoyin man fetur na Kolmani a bakin ƙofa. Wudil na kallon ruwan da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke saki, da tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a kwando lokacin kaka, da tsutsar da ta share gonakinsa a 2016. Gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, ta sake ɓullowa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, kuma har gobe ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a watan Satumbar 2024, alhali muna da madatsu irinta da dama da suka tsufa.

Ko nawa ɗan fannin ya isa misali. Faifan sola ana auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A rufin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu faifan kan wuce digiri 60. Batirin da ake haɗa masa, ƙarin zafin digiri 10 na iya raba ransa biyu. Ga ƙurar hunturu a kai. Kowace unguwa yanzu sola ake ɗorawa, asibitoci da masallatai da rijiyoyin burtsatse, amma lissafin da masu haɗawa ke bi an yi shi ne don wata ƙasa mai wani yanayi. Abin kunya, ni sai da na je inda rana ke wuyar gani sannan na samu lokacin yin tunani a kan rana.

Za a ce doka ba ta ba da dama ba. A da wannan uzuri na da ƙarfi. IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, bai san wani ma'aikacin wucin gadi ba, ko malaman ziyara sai da ya wahalar. Asusun bai ɗaya na TSA kuma ya sa kuɗin bincike daga waje su shiga su maƙale. Amma gwamnati ta amince da cire jami'o'i daga IPPIS a watan Disambar 2023, ta kuma cire kuɗin bincike na masu ba da tallafi daga TSA a 2024. Matakin ma'aikacin bincike ma ba sabo ba ne a tsarinmu, yana nan a cibiyoyin binciken noma da kiwo irin su IAR Samaru da NAPRI Shika. Abin da ya rage majalisar malamai ta tsara ƙa'ida, majalisar gudanarwa ta sa hannu. Kun kafa sababbin tsangayoyi da daraktoci cikin zama ɗaya, mun gani.

Sai dai zan ci amanarku idan na ce tsarin ba shi da illa. Yana da ita, na kuma gan ta da idona. A Jamus doka ta ba jami'a damar riƙe mutum a kan kwantiragin wucin gadi har shekara 6 bayan digirgir, daga nan ko ya samu kujerar dindindin ko ya bar harkar. A 2021 matasan masu bincike na ƙasar suka yi ca a Twitter da taken IchBinHanna saboda wannan rayuwa ta rashin tabbas. Na zauna da mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya biyu, yana kan fosdok na huɗu a ƙasa ta uku, bai san inda zai kwana baɗi ba. A Afirka ta Kudu kuma yawanci ba a lissafa su cikin ma'aikata, alawus ake ba su, babu fansho. Idan 'yan'uwana na ASUU suka ce suna tsoron a mai da wannan hanyar samun malamai masu araha, tsoronsu na kan hanya. Na san halinmu. Za a ɗauki yaro da sunan bincike, mako na uku a ce ya ɗan riƙe wa Farfesa aji, kafin a ankara shi ne sabon jami'in jarrabawa.

Don haka a rubuta a cikin takardar ɗauka cewa koyarwarsa ba za ta wuce kwas ɗaya a zango ba, kuma ba za a ba shi wani muƙamin sashe ba. A ƙayyade shekarun, kada su wuce uku, sabuntawa sau ɗaya. A lissafa masa su a matsayin shekarun aiki idan ya nemi zama lakcara, a nan ko a wata jami'a. Albashin kada ya gaza na lakcara mai digirgir, kuma a ware kuɗin gaba ɗaya tun ranar farko, don wanda ke kan kwantiragin wata 24 ba zai iya jure bashin wata takwas ba. Na faɗi takwas ne da gangan: yajin aikin 2022 daga 14 ga Fabrairu ya kai 14 ga Oktoba. Gwajin da aka fara ba ya jiran a sasanta, don haka a zauna da ƙungiyoyi tun yanzu a yi yarjejeniyar yadda lab zai kasance a buɗe. A kuma ba lab ɗin wutarsa ta kansa. Firjin da ke ajiye samfur bai san an ɗauke wuta ba.

Wanda ya fi duka wuya shi ne zaɓe. Idan guraben nan suka zama na ɗan wane da surukin wane, gara ba a fara ba. A buga sanarwa a fili, a ba da wata guda, a sa mutum ɗaya daga wata jami'a a cikin masu tantancewa, a kuma fifita wanda ba a nan ya yi digirinsa ba. Mun cika son mu haifa, mu rena, mu ɗauka, har sashe guda ya zama kowa ɗalibin mutum ɗaya ne, ba mai iya ce wa Malam lissafin nan bai yi ba. Ɗan Akure ya zo Wudil, ɗan Aliero ya je Owerri. A bar ƙofa a buɗe ga na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da na makarantar ma'adinai ta Yamai, tunda ƙurarmu ɗaya, zafinmu ɗaya. Matan da suka gama digirgir kuma, waɗanda aure da reno suka hana su tsallaka teku, wannan ce kaɗai damar da yawancinsu za su samu, a yi musu tanadin hutun haihuwa a cikin kwantiragin.

Wani abu na tarihi yana damuna, ku yi mini haƙuri in faɗa. An kafa jami'o'in fasaha na tarayya a farkon shekarun 1980 don su bambanta da sauran. A 1984 aka mai da ta Bauchi ƙarƙashin ABU, ta Yola ƙarƙashin Jami'ar Maiduguri, sai 1988 suka dawo da cin gashin kansu. Yau ta Yola ta ajiye kalmar fasaha daga sunanta gaba ɗaya, ta zama jami'ar kowane fanni. Ban ce mutanen Adamawa ba su da hujja ba, suna buƙatar likitoci da lauyoyi. Amma da jami'ar fasaha tana fitar da abin da manomi da maƙeri da mai masana'anta ke gani a hannu, da ba a yi saurin tambayar amfanin sunan ba.

Ban nemi guraben ɗari ba. Kowace jami'a ta fara da biyar a zangon karatu mai zuwa, a sassan da ke da na'ura a kulle da farfesan da ke da aiki a hannu. Bayan shekara biyu a kira su gaban majalisar malamai, su nuna abin da suka auna, da ɗaliban da suka taimaka wa suka gama, da takardun neman kuɗin da suka rubuta. Idan babu komai, ku rufe, ku ce wani malami ne ya ruɗe ku da Hausa. Ranar da sanarwar farko ta fito kuwa, zan buga ta a takarda in kai ta da hannuna rumfar POS ɗin nan, bayan la'asar, lokacin da matashin nan yake zama.

Wassalam.

Ɗalibinku,
wani malamin injiniya a ɗaya daga cikin jami'o'inku.